Gasar talabijin da siyasa: me ya sa ake saka wa mai ɓoye buri?

A shirin Big Brother Naija na 2021, Pere ya zargi Whitemoney da cewa girkin da yake yi wa 'yan gida dabara ce ta neman ƙuri'a. Masu kallo suka ga laifin mai zargin, Whitemoney kuwa ya tashi da kyautar da darajarta ta kai naira miliyan 90. Darasin a fili yake: wanda ya nuna kwaɗayin nasara ƙarara ya jawo wa kansa baƙin jini, wanda ya lulluɓe burinsa da tawali'u shi ake kira mutumin kirki.

Ga matashin Kiru, Bebeji, Tudun Wada ko Doguwa, wannan ba baƙon abu ba ne. Tarbiyyar kunya da kara ta hana mutum yabon kansa, 'yan siyasa kuma sun daɗe da gano amfanin hakan. Shi ya sa kowane ɗan takara jama'a ce ta matsa masa. A 2018 wata ƙungiya ce ta saya wa Muhammadu Buhari fom ɗin APC na naira miliyan 45. A 2022 ma an saya wa Goodluck Jonathan na miliyan 100, ya ce ba da yawunsa ba.

A talabijin abin ya tsaya ga nishaɗi. A siyasa kuwa, wanda bai faɗi abin da ya fito nema ba, da wuya a tuhume shi kan alƙawari. Gabanin 2027, ya kamata matasa su tambayi 'yan takara abu biyu: wa ya biya kuɗin fom, kuma me yake jira a saka masa da shi?