Inda Telugu da Harshen Norway Suke Zaune



Duk wanda ya taɓa zama a majalisar matasa a Kano ko Zariya ana kallon fim ɗin Indiya mai fassarar Hausa, mai yiwuwa ya ɗauka da Hindi aka yi shi, tunda mu a nan duk Indiyanci muke ce musu. Alhali manyan finafinan jarumta irin su Baahubali da RRR da harshen Telugu aka shirya su, daga masana'antar fim ta birnin Hyderabad. Yau za mu ajiye wannan harshe gefe guda da wani da ke can ƙuryar arewacin Turai, wato harshen Norway, mu duba inda kowannensu yake zaune.

Ƙidayar Indiya ta 2011 ta nuna mutum miliyan 81 ne suka sha Telugu a nono, shi ne na huɗu a ƙasar bayan Hindi da Bengali da Marathi. Gidansa kudu maso gabas, jihohin Andhra Pradesh da Telangana, inda kogin Godavari da na Krishna suke shayar da gonakin shinkafa kafin su faɗa tekun Bengal. 'Yan'uwansa na jini su ne Tamil da Kannada da Malayalam. Abin mamaki, idan aka bi salsala, Hindi ya fi kusa da harshen Norway a kan Telugu, domin masana sun tabbatar kakansu ɗaya.

Norway kuwa ta fi jihohin nan biyu faɗi ko da an haɗa su, amma mutanenta ba su kai miliyan 6 ba. Hyderabad kaɗai da kewayenta ta fi su yawa. Ƙasa ce doguwa siririya, duwatsu da lungunan teku sun rarraba ta, shi ya sa kusan kowane kwari da karin harshensa, kuma ba mai jin kunyar nasa. Minista zai tsaya gaban talabijin ya yi magana da bakin ƙauyensu. A rubuce ma hanya biyu ce. Akwai Bokmal, wanda ya samo asali daga harshen Denmark da ta riƙe ƙasar har 1814, akwai kuma Nynorsk, wanda Ivar Aasen ya tattaro daga bakin mutanen karkara bayan ya yi shekaru yana bin ƙauyuka. Majalisa ta daidaita matsayinsu a 1885. Masu rubutu da Nynorsk tsiraru ne, galibi a yammacin ƙasar, amma da shi Jon Fosse yake rubutu, wanda ya karɓi kyautar Nobel ta adabi a 2023. A shekarar ce kuma waƙar fim ɗin RRR ta ci kyautar Oscar.

To, a nan ne taswira take yaudarar mutum. Taswira tana nuna ƙasar da harshe ya mamaye, ba ta nuna ɗakunan da aka bar shi ya shiga. Ɗan Norway zai yi firamare da sakandare da harshensa, likita ya rubuta masa bayani da shi, alƙalin kotun ƙoli ya yanke hukunci da shi, a rubuta dokar man fetur ɗin ƙasar da shi. Ko da suka ga Ingilishi yana cin jami'o'insu da kamfanoni, sai suka kafa dokar harshe da ta fara aiki a 2022 domin kare masa matsayi. Telugu yana da rubutaccen adabi tun ƙarni na 11, lokacin da Nannaya ya fara juya Mahabharata zuwa cikinsa, kuma gwamnatin Indiya ta saka shi cikin harsunan gado a 2008. Duk da haka, manyan kotunan jihohinsa biyu da Ingilishi suke aiki, haka ma makarantun injiniya da na likitanci. A 2019 gwamnatin Andhra Pradesh ta sanar za ta mayar da makarantunta koyarwa da Ingilishi, aka yi ta ja-in-ja har gaban kotu. Ba na ganin laifin manomin da ya goyi bayan shirin, domin da idonsa ya ga ƙofar da 'ya'yan masu hali suke bi su sami aiki. Amma abin yana ci mini rai, musamman idan na tuna yadda aka samu jihar tun farko. Wani mutum ne, Potti Sriramulu, ya ƙi cin abinci fiye da kwana 50 har ya rasu a Disambar 1952, yana neman a ba masu jin Telugu jiharsu. A 1953 aka yanke ta daga Madras, ta zama jiha ta farko da aka kafa bisa harshe bayan samun 'yancin Indiya. Daga baya aka haɗa ta da yankin Telangana ta zama Andhra Pradesh, a 2014 kuma ta rabu biyu, aka fitar da Telangana.

Harsunan biyu duk sun yi tafiya, kuma a Amurka suka haɗu, sai dai ba lokaci ɗaya ba. Daga 1825 zuwa ƙarni guda bayanta, 'yan Norway kusan 800,000 suka tsallaka teku, suka kafa gonaki a Minnesota da Wisconsin da Dakota, da majami'unsu da jaridunsu. Jikoki suka koma Ingilishi, jaridar Decorah-Posten ta jihar Iowa ta rufe a 1972 bayan kusan shekara 100 tana fita. Yanzu masu Telugu ne suke cika unguwannin Dallas da New Jersey da kewayen San Francisco, yawancinsu ma'aikatan kwamfuta. Suna da gidajen kallo da ke nuna finafinansu, suna kuma kai yara darasin Telugu a ƙarshen mako, bayan kwana biyar na Ingilishi a makaranta.