Me zai hana yaranmu shiga gonar jami'a?

A jihohin Vermont da New York na Amurka akwai wata bishiya da suke kira mapul. Daga wajen ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin da dare ke daskarewa rana kuma ta ɗan yi ɗumi, sai a huda gangar jikinta a cusa ɗan bututu, ruwa ya riƙa ɗiga. Ruwan kusan salam yake, sukarinsa wajen kashi 2 cikin 100 ne kawai. Sai an tafasa kusan galan 40 kafin a samu galan 1 na ruwan zaƙin da suke zubawa a kan fanke. Duk wanda ya taɓa tsayawa inda ake dafa mazarƙwaila ya san irin wannan wahala: itace, hayaƙi, da zaman jiran tukunya.

Abin da ya ja hankalina shi ne, manyan jami'o'i ba su raina sana'ar ba. Jami'ar Vermont tana da cibiyar Proctor a Underhill, ba ta da aiki sai binciken mapul. Jami'ar Cornell tana da dajin Uihlein a Lake Placid. Suna gwada hanyoyin janyo ruwan ta tiyo da injin tsotsa, da na rage shi kafin a ɗora wuta don kada mai da itace su cinye riba, sannan su tara manoma su koya musu. Matasa kuma ana jawo su ta ƙungiyar 4-H, wadda ke ƙarƙashin sashen malaman gona na irin waɗannan jami'o'i. Yaron da ya auna zaƙi, ya lissafa kuɗin tafasa, ya sa wa kwalba farashi, ai ya ɗanɗani kimiyya da kasuwanci tun bai cike fom ɗin jami'a ba.

Doka ce ta kafa wannan tsari: ta Morrill ta 1862 ta samar da kwalejojin, ta Smith-Lever ta 1914 ta fitar da iliminsu zuwa gonaki. Mu ma ba baƙonmu ba ne. Jami'ar Nsukka da taimakon Jami'ar Jihar Michigan ta tashi, ta Jihar Kansas kuma ta taimaka wa ABU Zariya a fannin noma da likitancin dabbobi. A Samaru akwai NAERLS, a Abeokuta akwai jami'ar noma sukutum.

To ina yaranmu na Sabo da Agege da Mile 12 a ciki? Iyayensu ne ke sauke tumatir da albasa da shanun da Kudu ke ci, kuma kowa ya ga kwandunan da ke ruɓewa idan mota ta kwana a hanya. Amma tambayi ɗan SS2 me zai karanta, zai ce likita ko lauya. Bai san akwai karatun adana amfanin gona ko sarrafa abinci ba, don ba wanda ya taɓa nuna masa.

Wani zai ce jami'o'inmu da kyar suke biyan kuɗin wuta. Gaskiya ne, kuma ban ce su buɗe mana cibiya ba. Ziyarar yini ɗaya ba ta fi ƙarfinmu ba: wasiƙa daga kwamitin ilimi zuwa ga shugaban tsangayar noma mafi kusa, bas ɗaya, da abincin rana. Kuɗin da muke kashewa a kujeru da rumfa ranar taron shekara ya isa. Ina roƙon shugabanninmu su sa batun a ajandar zama mai zuwa, kafin dogon hutu ya zo ya wuce.