ZAUREN IYALI: Tsakanin Shimfiɗa da Sahun Asuba

Godiya ta tabbata ga Allah da ya bar mana iyayenmu har muka ga furfurarsu. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabin rahama, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan uwa masu karatu, a hunturun da ya gabata ladanin masallacin unguwarmu ya tare ni bayan sallar Azahar, ya ja ni gefe kamar mai neman rance, ya ce: "Malam Ƙarami, ko ka san Malam ya faɗi shekaranjiya?" Ban sani ba, alhali gida ɗaya muke kwana. Ashe mahaifina ya fito tun kafin kiran farko, ya zo wurin alwala, ƙafarsa ta zame a kan simintin da ruwa ke kwanciya. Ladan ne ya ɗaga shi. Gwiwar hannu ta kuje, ƙugu ya bugu, amma ƙashi bai karye ba. Da ya miƙe, abin da ya fara faɗa shi ne: "Kada yaran nan su ji."

Na daɗe ina juya maganar nan a raina. Mutumin da ya haura shekara saba'in, wanda bai taɓa ɓoye mana zazzaɓi ko ciwon kai ba, me ya sa faɗuwa ce kaɗai yake ɓoyewa? Daga baya na gane. Tsohon da ya faɗi ya san abin da zai biyo baya: za a ce ya zauna, za a karɓe masa buta, za a hana shi fita. Shi kuwa Malam, nasa tsoron ya fi haka, domin a mazhabarmu ta Malikiyya mai iya tsayuwa ba ya bin limamin da ke zaune. Ranar da ya yarda ƙafafunsa sun gaza, ranar zai sauka daga limancin da ya riƙe tun ban shiga makarantar allo ba.

Abin ba a gidanmu kaɗai yake ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a shekarar 2021 cewa mutane wajen 684,000 ne faɗuwa ke kashewa kowace shekara. Cikin mutuwar tsautsayi, in an cire haɗarin hanya, babu abin da ya kai ta kisa. Fiye da kashi 80 cikin ɗari na mamatan a ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi suke, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su ne suka fi yawa. Tun a rahotonta na 2007 hukumar ta nuna cewa cikin mutanen da suka kai shekara 65, kusan ɗaya cikin uku yana faɗuwa aƙalla sau ɗaya a shekara. Mai karatu ya ƙirga tsofaffin da ke sahun gaba a masallacinsu, ya raba uku.

Yaro ya faɗi sau goma a yini, ya tashi ya karkaɗe riga. Ƙashin tsoho kuwa ya yi sanyi, musamman na mata bayan ɗaukewar al'ada, sai ya zama kamar karan dawa da ya shekara a rumbu: daga waje lafiya, ciki fanko. Gwaggona, yayar mahaifina, Allah ya jiƙan ta, a bakin makewayi ta zame da damina, nesa da ƙofar ɗakinta bai fi taku goma ba. Aka ce targaɗe ne, aka kira mai ɗori. Sai bayan mako uku, da ciwo ya ƙi sauƙi, aka kai ta asibiti aka yi hoton ƙashi, wanda muke ce wa radiyo, aka ga kan ƙashin cinya ne ya karye a cikin ƙugu, wurin da kara da tsumma ba su kamawa. Ba ta sake takawa ba. Kwanciya ta kawo gyambon baya, ta kawo tari, kafin wata damina an yi mata sutura. Likitoci sun ce cikin tsofaffi biyar da suka karye a ƙugu, ɗaya ko fiye ba ya cika shekara. A wurin zaman makoki kowa ya ce kwana ne ya ƙare, kuma gaskiya ne. Amma gansakukar da ke bakin makewayin nan ta fi shekara biyu muna tsallake ta, mu masu ƙafafu.

Mukan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ba na musun ƙaddara, a'uzu billahi. Sai dai na lura ba mu faɗar haka a kan dukiyarmu. Babu ɗan kasuwar da ke barin shagonsa a buɗe da dare ya ce ɓarawo ba ya wuce ranarsa. Kwaɗo biyu yake sawa, ya ɗauki mai gadi, sa'an nan ya yi tawakkali. Iyayenmu sun fi shago.

In kana son ka san inda haɗarin yake, ka tashi ƙarfe huɗu da rabi na dare, kada ka kunna komai, ka bi sawun tsohonka daga shimfiɗa zuwa sahu. Ni na yi, kuma na ji kunya.

Farkon abin a bakin gado yake. Mutum in ya daɗe a kwance ya miƙe zumbur, jini yakan taru a ƙafafu, ƙwaƙwalwa ta rasa rabonta na ɗan lokaci, sai jiri ya ɗebe shi. Jikin saurayi yana gyara wannan nan take, na tsoho yana jinkiri. Maganinsa kyauta ne: ya zauna a bakin shimfiɗa, ya motsa ƙafafu, ya yi addu'ar tashi daga barci a natse, sa'an nan ya miƙe yana dafe da wani abu. Magunguna ma suna da hannu a ciki. Wasu daga magungunan tansiyo suna ƙara jirin, wasu suna sa yawan fitsarin dare, ga tsoho yana sauri cikin duhu don kada ya ɓata tufafin sallarsa. Maganin ciwon suga in aka sha ba a ci abinci ba, ko aka ɗora azumi a kai ba da shawarar likita ba, yakan kayar da mutum. Mafi muni su ne ƙwayoyin sa barci da ake saye a hannun masu yawo da magani a faranti. Kada kowa ya tsayar wa tsohonsa magani da kansa. A tattara duk abin da yake sha, har da na gargajiya, a zuba a leda a kai wa likita ya duba su tare.

Daga nan sai dokin ƙofa, da tabarmar da bakinta ya naɗe, da igiyar akuya, da turmin da aka bari a tsakar gida, da takalman jikoki. Da rana ba komai ba ne. Da dare, ga idon da yana ta rufe, kowanne tarko ne. A nan zan ɗan ratse: yanar ido ba hukuncin tsufa ba ce da za a zauna da ita. Aikinta gajere ne, ana yin sa a manyan asibitocinmu, kuma mutane da yawa da aka ɗauka sun makance sun koma karatun Alƙur'ani da idonsu. Fitila kuwa, ƴar tocila mai caji da hasken rana ba ta kai kuɗin goron suna ba. A rataya ɗaya a hanyar makewayi, ɗaya a ƙarƙashin matashin kai, ko an ɗauke kuran ko ba a ɗauke ba.

Makewayi da wurin alwala su ne uwar matsalar. Ruwa, sabulu, siminti mai sulɓi, silifa da gindinta ya cinye, ga tsugunno da tashi ba abin kamawa. Abin takaici, mu da Allah ya buɗa wa muka gyara gidajen iyayenmu, sau da yawa mun ƙara musu haɗari ne: muka fasa daɓen ƙasa muka shimfiɗa karo mai sheƙi kamar madubi, wanda ɗigon ruwa ɗaya ke mayar da shi santsi. Haka ma a sababbin masallatai. Ina roƙon kwamitocin masallatai su dubi wannan. A sa daɓe mai kaushi, a gyara magudana don ruwa ya wuce, a gina dakalin zama mai ɗan tsayi, a kafa ƙarfe a bango wanda hannu zai kama, a sa wani a matakalar shiga. Maƙeri ko mai walda na unguwa zai yi shi cikin yini guda. Kuma a daina wanke ƙafa a tsaye, ƙafa ɗaya a sama ɗaya a cikin ruwa. Ko saurayi yana tangaɗi a haka. Kawar da abin cutarwa daga hanya yana cikin rassan imani, ballantana hanyar da masu furfura ke bi zuwa salla.

Shari'a kuwa ta riga mu tausaya musu. Duk wanda ya yi karatun zaure ya san Ahalari ya jera halaye bakwai na sallar farilla: tsayuwa ba jingina, tsayuwa da jingina, zama ba jingina, zama da jingina, sa'an nan kwanciya iri uku. Imrana ɗan Husaini, Allah ya yarda da shi, da basir ya dame shi ya tambayi Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, aka ba shi izinin zama in ya kasa tsayuwa, da kishingiɗa in ya kasa zama. Buhari ya ruwaito. Shi kansa Manzon Allah ya taɓa faɗowa daga kan doki, gefensa na dama ya kuje, ya yi salla a zaune, bai ɓoye wa sahabbansa ba. Risala ta kawo sauƙin haɗa Magariba da Isha'i a daren ruwan sama, ko daren taɓo da duhu, ta kuma kawo taimama ga majinyacin da ruwa zai cutar ko ya rasa mai miƙo masa. Duk mun haddace waɗannan babuka muna yara. Amma in tsufa ya zo, sai mutum ya ga kamar don wasu aka rubuta su. Dattijon da ke ganin jiri in ya ɗago daga ruku'u, ya nace sai ya tsaya don kada a ce ya gaza, ya binciki zuciyarsa: don Allah yake tsayuwar ko don idon sahu?

Sai dai akwai kuskure na biyu, kuma namu ne mu ƴaƴa. Da zarar tsohuwa ta yi tuntuɓe sau ɗaya, sai mu ce: "Inna, ku zauna ku huta, ga yara nan." A hana ta shara, a hana ta zuwa barka da gaisuwar mutuwa, a kawo mata komai har bakin gado. Muna ganin biyayya ce. Alhali ƙafar da ba ta aiki bushewa take yi; wata biyu na zama ya isa ya cinye ƙarfin cinyar tsoho, sai faɗuwa ta biyu ta zo da sauri fiye da ta farko. Abin da likitoci suka tabbatar yana rage faɗuwa shi ne motsa jiki mai ƙarfafa ƙafa da daidaita tsayuwa: tafiya kullum, tashi daga kujera da komawa sau da yawa a jere, tsayuwa da ƙafa ɗaya ana dafe da bango. A haɗa da abinci mai gina jiki, nono da wake da ƙwai da kifi in an samu, da shan ruwa isasshe lokacin bazara. Akwai gwajin da ake yi a asibiti wanda kowa zai iya a gida: tsoho ya tashi daga kujera, ya yi tafiyar mita 3, ya juyo ya zauna. In abin ya ɗauke shi daƙiƙa 12 ko fiye, to a kai shi a duba shi tun bai faɗi ba.

In kuma an riga an faɗi, kada a fizge shi a tsayar. A tambaye shi inda ke ciwo. In ya kasa taka ƙafa, ko aka ga ƙafa ɗaya ta gajarce ta juya waje, a ɗauke shi a kwance zuwa asibiti a yi hoto kafin a nemi mai ɗori. In kai ne ya bugu, a sa masa ido har makonni, domin jini yakan taru a hankali a cikin ƙoƙon kai. Yawan barci, ruɗewa, amai ko ciwon kai mai ƙaruwa, ba rikicin tsufa ba ne kuma ba iska ba ne. A koma asibiti a faɗa musu ya faɗi rana kaza.

Saura yadda za a faɗa musu, wanda shi ne mafi wuya. Ɗa ba ya ba uba umarni. Ni dai na kwana uku ina neman ƙofa. Daren Alhamis na ɗauki Ahalari na shiga zaure, na durƙusa na ce: "Allah gafarta Malam, ina son ku maimaita mini babin halayen salla, akwai abin da ya shige mini duhu." Ya karɓi littafin, ya dube ni ta saman tabarau, ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce: "Ladan ya yi surutu ke nan." Na sunkuyar da kai. Ya yi dariya ya ce: "Ni na koya maka wannan dabarar, yau ni za ka yi wa?"

Amma ya karanta babin har ƙarshe, ya fassara, kamar yadda ya saba. Da gari ya waye muka kira magini ya fasa simintin wurin alwala ya sake shi da kaushi, aka kafa ƙarfe a bango. Likita ya duba magungunansa ya sauya ɗaya. Ƙanena yanzu yana kwana a zaure, in Malam ya fito ya riƙe masa fitila, da sunan shi ma yana neman ladan sahun farko. Sanda ce ya ƙi da farko, ya ce shi ba makaho ba ne. Sai na tuna masa cewa duk Juma'a da sanda yake hawa mumbari, kuma shi ya karantar da mu cewa mustahabbi ne ga mai huɗuba. Ya ce wannan ta huɗuba ce. Na ce to a ara mata sauran kwana shidan. Yanzu da ita yake fita.

Maganar na'ibi kuwa, wanda zai riƙa karɓar sa a sallar Asuba in sanyi ya yi tsanani, har yau ban sami bakin ɗauko ta ba. Na bar wa aminansa biyu da suka yi karatu tare, sun ce za su same shi bayan Salla.

Sai fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.