A Rubuta Hasara Ran Da Ta Auku

Ƙa'idar aikin akanta a fili take: in darajar hannun jari ta faɗi, ba alamar farfaɗowa, wajibi ne a rage ta cikin littafi, a bayyana hasarar. To, amma doka ba ta tsaron kanta.

Mun ga misali a Nijeriya. Daga Maris 2008 zuwa farkon 2009, farashin hannayen jari ya zube da fiye da rabi. Bankunan da suka ba da rance don sayensu suka jinkirta bayyana hasarar. Sai cikin Agusta 2009 Babban Banki, ƙarƙashin Sanusi Lamiɗo Sanusi, bayan binciken littattafai, ya sauke shugabannin bankuna 5, ya tallafe su da Naira miliyan dubu 420.

Wasu kan ce bayyana hasara na firgita masu ajiya. Mu a ganinmu ɓoyo ya fi haɗari, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma jama'a ke biyan gyaran.

Saboda haka muna kira ga hukumomi su riƙa bincike tun kasuwa na ci, su hukunta duk akantan da ya sa hannu kan ƙarya. 'Yan'uwa ɗalibai, gobe alƙalamin nan hannunmu zai dawo.