SHAWARAR WATA: Hayaƙin tarakta shi ke faɗin ciwonta

Damana ta kusa. A ƙasar Agiye, Gazawa da Gidan Runji, manoman da suka haɗa kuɗi don hayar tarakta suna jiran layi. In ruwa ya sauka cikin watan Yuni, kwana biyu ko uku ƙasar jigawa ke riƙe laima. Taraktar da ta mutu a kwanakin nan ta ja wa gari duka hasara, ga makaniki can Maraɗi. Saboda haka ya kamata direba da masu gona su iya gane ciwon inji tun yana ƙarami.

Abin dubawa na farko shi ne hayaƙi.

Baƙin hayaƙi: inji ba ya samun iska. Ƙura da rairayi sun toshe matacin iska. A ciro shi, a kakkaɓe a hankali. In ya yage, a sake sabo. Garma in ta nutse fiye da kima, ita ma tana kawo baƙin hayaƙi.

Shuɗin hayaƙi: inji yana ƙona baƙin mai, domin ƙarafan ciki sun cinye. Wannan aikin makaniki ne. Kafin ya zo, a riƙa auna baƙin mai da sandarsa kowace safiya.

Farin hayaƙi: in ya ɗauke bayan inji ya yi ɗumi, ba komi. In ya ƙi ɗaukewa, galibi ruwa ya shiga gazuwal ko cikin inji. A tsiyaye gindin matacin mai cikin kwalba: ruwa yana kwantawa ƙasa, mai yana hawa bisa.

In inji ya ƙi tashi, a fara da kawunan batir: a kankare tsatsa, a ɗaure tamau. In an bar tanki ya ƙafe ƙaf, iska ta shiga hanyar mai. A sassauta ƙusar da ke kan matacin mai, a yi ta danna ƙaramin famfon hannu har kumfa ta ƙare, sannan a ɗaure.

In inji ya yi zafi, a tsaya. A share ƙaiƙayi da ciyawa daga gaban tukunyar ruwa, a duba ko igiyar fanka ta saki. Kada a buɗe marfi sai ta huce: tururi yana ƙona fuska. In jar fitilar baƙin mai ta kama, a kashe inji nan take.

Gazuwal ɗin bakin hanya sau da yawa yana da datti. A bar shi cikin duro kwana biyu ya kwanta, a ɗebi na bisa, a tace. Mai karatun gari ya rubuta awannin aiki cikin littafi, a canja baƙin mai lokacin da takardar taraktar ta ce.

Rigakafi ya fi magani. A duba tarakta tun hadari bai taso ba.