Me ya sa tsohon gidan masunci ya fi sabon otal farin jini?

A garin St Ives da ke yankin Cornwall, can ƙuryar kudu maso yammacin Ingila, akwai wata unguwa da ake kira Downalong. Lunguna ne matsattsu, da ƙananan gidajen dutse manne da juna, wasunsu taku kaɗan ne tsakaninsu da yashin bakin teku. Masunta ne suka gina su. A yau kuwa masu hannu da shuni daga manyan birane ke rububinsu domin hutu, ga kuma otal-otal na zamani a gari.

Idan ka duba, gidajen ba su da wani daɗin zama na a zo a gani. Ɗakuna ƙanana ne, dogon mutum sai ya sunkuya a bakin ƙofa, bango na jiƙewa da danshi, gishirin teku na cin duk wani ƙarfe, wurin ajiye mota kuma sai an wahala. To me ake so a jikinsu?

A ganina, sirrin shi ne babu abin da aka yi a gidan don ado. An yi bango mai kauri da ƙananan tagogi saboda iskar Tekun Atlantika. Matakalar dutse da ke waje tana kaiwa sama ne inda iyali ke kwana, domin a da ƙasan gidan wurin aiki ne. A wancan zamani a nan ake zuba wa kifin pilchard gishiri, a danne shi cikin ganguna, a tura yawancinsa Italiya. Duk wanda ya kwana a ciki yana ganin yadda mutane suka zauna da teku shekara da shekaru. Mai gina otal zai iya sayen dutse iri ɗaya, amma wannan tarihin ba ya sayuwa. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani.

Sai dai wannan farin jini ya zo da tsada. Jirgin ƙasa ya iso garin a 1877, baƙi suka fara kwarara. Kifin ya ja baya, masu zane-zane suka mayar da ɗakunan ajiye taru wuraren aikinsu, sannan a 1993 aka buɗe gidan baje kolin zane na Tate St Ives. Farashin gidaje ya tashi har ya gagari 'yan gari da dama. Da bazara gari cike yake, da hunturu kuwa gidaje da yawa a kulle, babu ko fitila.

A watan Mayun 2016 mutanen garin suka kaɗa ƙuri'a, fiye da kashi 80 cikin 100 suka amince cewa duk sabon gidan da za a gina sai wanda zai zauna a ciki dindindin. Mataki ne mai kyau, amma bai taɓa tsofaffin gidaje ba, alhali su ne mai neman gidan hutu ya fi so. Daga Afrilun 2025 kuma hukumar Cornwall ta ninka harajin da masu gida na biyu ke biya.

Ina goyon bayan wannan haraji, kuma ban ga laifin mai son tsohon gida ba, domin sau da yawa kuɗinsa ne ke hana ginin rushewa. Amma dole ya san cewa rabin abin da ya ja hankalinsa ba a cikin gidan yake ba. Yana wajen maƙwabcin da ke buɗe ƙofa kullum, da ɗan kwale-kwalen da ke fita da asuba, da yaran da ke tafiya makaranta. Idan tsada ta kori waɗannan, abin da ya saya ya ragu, ko da farashinsa na ci gaba da hawa.