Zato Ba Hujja Ba Ne

Wasu iyaye a birnin Zariya suna ƙyamar ganin 'ya'yansu da littattafan binciken kisan kai da ɓatan mutane, irin labaran Sherlock Holmes da suka fara fitowa a Ingila a 1887. Mu kuwa muna ganin darasi a cikinsu: mai bincike ba ya tuhumar kowa sai da hujja.

Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Rigar da aka yage ta baya ce ta wanke Annabi Yusuf (AS). Sayyidina Umar (RA) ya hukunta matar wanda ya ɓace ta jira shekara 4, ba ta yi gaggawa ba.

To, don me yaro zai ɓace a unguwa, a yi wa baƙo rubdugu bisa zato? Jinin ɗan Adam ya fi ƙarfin jita-jita. Allah Ya ganar da mu.